Yadda zaka sayi laftof na hannu a Zariya ba tare da an yi maka sakiyar da ba ruwa ba

Duk farkon zangon karatu wayata bata hutawa, wane ya samu gurbi a ABU, wance zata fara furojet a Kongo ko Nuhu Bamalli, dan Allah ka raka su su sayi sistem. Na yi wannan rakiyar ban san adadi ba, daga shagunan PZ zuwa na Samaru har da irin wanda ake ganin talla a sitatus ɗin WhatsApp a haɗu da mai kaya a bakin get. Abin da yasa na ɗauki abun da zafi shine nima an taɓa yi min. Laftof ɗina na farko, kuɗin da na tara wata da watanni har da gudunmawar mahaifiyata a ciki, sitika a jiki tace Core i7, mai shagon ya rantse min Landan yus ce ko wata uku Bature bai yi da ita ba, na kai ɗaki sai da ta kwana biyu sannan na gane batirin minti ashirin yake yi kuma i7 ɗin na zamanin da ne, da na koma sai yace ai kaya sun fita sun fita. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Ba duka masu shago bane maha'inta, akwai mutanen kirki sosai waɗanda zasu faɗa maka aibin kaya tun kafin ka tambaya, wasu kuma su kansu basu san me ke cikin kwalin da aka turo musu daga Legas ba, abin da aka faɗa musu suke maimaita maka. Shi yasa ni bana faɗa da kowa, kwamfutar nake sa ta faɗa min gaskiyar kanta, kuma kafin kuɗi ya bar hannuna.

Abubuwan da zaka tafi dasu

Filash ko da mai 8GB ne, ka zuba masa manhajojin gwaji uku, CPU-Z da CrystalDiskInfo da H2testw, duka kyauta ne, ka ɗauko irin wanda ba sai an girka ba ana dannawa yake buɗewa. A ciki ka saka hoto fari tas, baƙi ƙirin, ja, kore da shuɗi, sai bidiyo ɗaya mai nauyi. Sai wayarka da caji da data saboda zaka kunna mata hosfot, iyafis mai waya, mos in kana da shi, da takarda da biro. Ka tafi da mutum ɗaya, ko bai san kwamfuta ba zai zama shaida kuma ido huɗu ya fi biyu. Mafi muhimmanci shine lokaci, ka ware aƙalla awa ɗaya, ka je da hantsi, kar ka je gab da magariba ana haɗa kaya ana cewa yi sauri zamu rufe, kuma kar ka je ranar Juma'a ana shirin masallaci. Gaggawa ita ce babbar abokiyar mai son ɓoye aibi.

In baka samu filash ba kar ka fasa, yawancin gwajin akwai hanyar yinsa da abin da ke cikin Windows, zan riƙa faɗa a kowane mataki.

1. Ka sa ya faɗi abin da yake sayarwa a rubuce

Tun kafin ka hau mashin ka tura masa saƙo ya rubuto maka sunan kwamfutar cikakke, misali HP EliteBook 840 G5 ko Dell Latitude 7490 ko ThinkPad T480, da lambar furosesa wato injin da ke tafiyar da aikinta, ram wato ma'ajiyar wucin gadi da take aiki da ita nawa ne, ma'ajiyar fayil ɗinta haddis ne ko SSD kuma nawa, batir awa nawa yake yi, an taɓa buɗe ta an yi gyara ko a'a. In murya ya turo ka ajiye, amma rubutu ya fi. Mutum in zai rubuta yakan rage ƙari, zaka ga wanda ya ce maka awa shida a baki yana zuwa rubutu ya koma "kamar awa uku haka". Ka kwafe a takardarka, da ita zaka riƙa gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Kuma kar ka tura ko sisi da sunan a ajiye maka kaya, wannan cinikin biri a sama ne.

2. Ka juya ta a hannu kafin a kunna

Kyallin jiki baya nuna komai, ana fesa fenti, ana manna leda mai kama da ƙarfe a murfi, sitikar Core i7 kuwa a kasuwa ake sayar da ita. Ka juya bayanta ka haska da tocilar waya ka kalli kan sukurorin, in sun cinye ko wasu babu ko ba iri ɗaya bane to an sha buɗe ta. Buɗewa ba laifi bane, ana buɗewa a ƙara ram, amma ka tambaya "Oga me aka yi mata?" ka ji ko amsar ta dace da abin da ya rubuto maka. Ka buɗe murfin ka rufe sau biyar ko shida a hankali kana kallon inda hinjin yake, in kaga robar wajen tana buɗe baki ko kana jin ƙas ƙas to gindin hinjin ya karye an liƙe da gam, wata ɗaya a jaka ana hawa da sauka a bas ɗin Samaru zai saki. Ka ajiye ta kan teburi ka duba ko tana zama daidai, ka shafa wajen tocfad, in ya ɗago sama ko yana ƙin dannuwa yawanci batirin da ke ƙasansa ne ya kumbura, wannan haɗari ne ba ƙaramin aibi ba.

3. Ka shiga BIOS tun kafin Windows ta tashi

Wannan matakin mutane da yawa ke tsallakewa alhali nan gaskiya take. Ka kashe ta gaba ɗaya, ka kunna kana danna F10 in HP ce, F2 in Dell ce, F1 in ThinkPad ce. Wani shafi zai fito mara kwalliya, shine BIOS wato saitin asali na kwamfutar, a ciki zaka ga ainihin sunan kwamfutar, furosesa, yawan ram da lambar siriyal. Dalilin da yasa nake dagewa a nan shine sunan furosesa da Windows ke nunawa a shafin About ana iya canza shi da hannu cikin minti biyu, a rubuta i7 a inda Celeron take, kuma na taɓa gani da idona. Ta BIOS ba'a yin wannan wasan da sauƙi.

Abu biyu zaka yi a nan. Na farko ka gwada lambar siriyal ɗin da ke ciki da wadda aka buga a bayan kwamfutar, in sun bambanta to ko an canza bod, wato babban allon cikin kwamfutar, ko an canza murfin ƙasa, wato haɗe-haɗe ce. Ka ɗauki lambar ka shiga shafin tallafin kamfanin a wayarka, Dell suna kiranta Service Tag mai harafi da lamba bakwai, HP da Lenovo suma suna da wajen duba garanti, zai nuna maka samfurin da kuma lokacin da garantin ya fara da lokacin da ya ƙare, daga nan ka san shekarunta na gaske. Na biyu, in ta tambaye ka kalmar sirri kafin ta barka ka shiga ko ka canza wani abu, ka tsaya. Zai ce maka "ai wannan ba komai bane, Windows ɗin na aiki", eh tana aiki yau, amma ranar da ta lalace kana son ka sake zuba wata ta filash sai ka tarar an kulle hanya, a wasu ThinkPad ɗin ma cirewa sai an taɓa bod. Ko ya cire a gabanka ko ka nemi wata.

Tunda kana wajen, waɗannan kamfanonin suna da nasu gwajin a ciki. A Dell ka danna F12 lokacin kunnawa ka zaɓi Diagnostics, a HP ka danna Esc sannan F2. Zai gwada ram da haddis da fanka da batir da kansa, kuma shine madadin filash ga wanda bai zo da shi ba.

4. Furosesa, ka daina kallon i5 da i7 kaɗai

Nan aka fi cin kuɗin ɗalibai. Core i7 suna ne na gida, amma a gidan akwai kaka akwai jika. Lambar da ke bayan ɗan layin ita ce magana. In kaga i5-8250U, lamba ta farko wato 8 ita ce jenareshon, na takwas kenan, ya fito 2017. In i7-4600U ne na huɗu ne, 2013. In i5-2520M ne na biyu ne, tun 2011. Mai lamba uku kacal irin i5-520M shine na farkon farko. Daga na goma zuwa sama lamba biyu zaka karanta, i5-10210U na goma, i5-1135G7 na sha ɗaya. Toh ka duba, i5 na takwas ɗin nan kwakwalwa huɗu gare shi, shi kuwa i7-7500U da i7-4600U biyu biyu ne, wato i5 ɗin ya fi su aiki nesa ba kusa ba, amma a shago za'a ɗora maka kuɗi a kan tsohon saboda kawai an ji bakwai ta fi biyar.

Ka buɗe CPU-Z ka karanta, in babu ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Performance ka danna CPU, ka gwada da abin da ka gani a BIOS.

Wani abu kuma, "ai Windows 11 ce a kai, sabuwar fita ce". Wannan ba hujja bace. A ƙa'ida Windows 11 tana son Intel na takwas zuwa sama, amma akwai dabarar tura ta a kan tsohuwar kwamfuta kuma kowane yaron shago ya iya. Ita kuma Windows 10 kamfanin Microsoft ya daina tallafa mata na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, shi yasa ni in kuɗin mutum zai kai nake cewa ya daure ya fara daga na takwas. In bai kai ba babu laifi ya sayi na shida ko na bakwai don taifin da karatu, amma ya saya da saninsa kuma a farashinsa.

5. Ram da ma'ajiya

A Task Manager ɗin dai ka danna Memory, zai nuna maka yawan ram da kuma rami nawa aka yi amfani da shi cikin nawa. In ance 8GB kaga 4GB magana ta ƙare. In ance "ana iya ƙarawa" ka duba ko akwai ramin da ya rage, wasu siraran kwamfutoci ram ɗinsu a manne yake da bod ba'a ƙara komai.

Sai Disk, a nan zai rubuta SSD ko HDD. Kar ka yarda da "500GB" kawai, tsohon haddis mai juyawa na 500 bai kai SSD na 256 daɗin aiki ba ko kusa. Kar kuma ka tada hankali in 256 ya nuna 238 ko 500 ya nuna 465, haka lissafin yake ba cuta bace. Wadda zaka gudu ita ce mai 32GB ko 64GB da ake kira eMMC, musamman Chromebook ɗin da aka cusa wa Windows ake sayar wa sababbin ɗalibai da araha, sabuntawa biyu ta cika kuma ba'a canza ma'ajiyar, sau da yawa ma sauti ko wasu maɓallan basa aiki daidai.

Yanzu ka buɗe CrystalDiskInfo. In ya nuna shuɗi ya rubuta Good toh, in ruwan ɗorawa ne ya rubuta Caution to ma'ajiyar ta fara mutuwa, kar ka zuba furojet ɗinka a kai. A gefe akwai Power On Hours, awannin da ta yi a kunne, shekara ɗaya cur awa 8,760 ce, don haka in ance maka wata uku aka yi da ita kaga awa dubu goma sha biyar ka san inda aka dosa. Sai dai ka lura, in kaga awa kaɗan ba yana nufin kwamfutar sabuwa bace, yana iya zama ma'ajiyar kawai aka canza.

6. Batir da caja

A garin da wuta ke zuwa ta tafi yadda ta ga dama, batir rabin kwamfuta ne, kuma a kansa aka fi yin ƙarya saboda an san ba zaka zauna awa huɗu a shago kana jira ba. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport ka danna Enter, zai faɗa maka inda ya ajiye rahoton, ka buɗe shi. Lamba biyu kake nema, Design Capacity wato ƙarfin da aka ƙera shi da shi, da Full Charge Capacity wato abin da yake iya ɗauka yanzu. Misali in na farko 48,000 ne na biyu 20,000 to ƙasa da rabi ya rage. Ni a nawa ma'aunin in ya haura kashi saba'in ina karɓa, in ya yi ƙasa da rabi sai a cire min kuɗin sabon batir daga farashi.

Amma kar ka tsaya a rahoton, batiran canji marasa kyau sukan nuna cikakkiyar lafiya a rubuce alhali fanko ne. Ka zare caja tun farkon zuwanka, ka rubuta kashi nawa yake da ƙarfe nawa, ka ƙure hasken sikirin, ka cigaba da sauran gwajin a kan batir. Bayan minti ashirin ka duba. In ya sauka da kashi takwas ko goma lafiya lau, in ya zubar da talatin ka yi lissafi da kanka. Mafi muni shine wanda zai kai arba'in sai ya faɗo bakwai lokaci ɗaya ko ya ɗauke ɗif. In mai shago ya ƙi yarda a zare caja, ko ya ce "bata da caji ne yanzu aka sauke ta", kace a sa ta yi rabin awa zaka je ka sha shayi ka dawo.

Caja kuma ka karanta jikinta, wat nawa ce, 45 ko 65 ko 90, kuma ka ɗaga ka ji nauyi, jabu bata da nauyi. Dell tana da kirki a nan, in cajar ba ta gaske bace sau da yawa tana rubuta gargaɗi lokacin kunnawa cewa bata gane cajar ba, kuma sai ta ƙi cajin batir ko ta rage gudu. Ka ɗan motsa bakin cajar a ramin, in caji na ɗaukewa yana dawowa akwai gyara a gaba.

7. Sikirin, kibod da ramuka

Ka buɗe hotunan nan ɗaya bayan ɗaya su cika fuska. Fari zai tona tabon haske da inuwar da ruwa ya bari, baƙi zai tona ɗigon da ya maƙale da haske mai tsiyaya ta gefe. Ka lura in an saka hoton bango mai duhu da tarkace, wani lokacin don a ɓoye tabo ne. In babu hotunan, ka buɗe Notepad ka cika fuska da shi, ya isa gwajin fari. Ka shiga saitin Display ka ga ko 1920 x 1080 ne ko 1366 x 768, domin samfuri ɗaya yana zuwa da duka biyun, kuma akan canza fasasshen sikirin mai kyau da mai araha. In ance tana da taɓa-fuska ka ja yatsa kusurwa zuwa kusurwa.

A Notepad ka danna kowane maɓalli, kowanne, har da lambobi da kibiyoyi da Shift na hagu da na dama. Ka kalli jerin haruffan, in kaga Z a inda Y take to kibod ɗin Jamus ne, in A ce a farkon layi na Faransa ne, wani lokacin an manna sitika a kai wadda zata ɓare. Sai ka bi ramukan USB duka da filash ɗinka, ka sa iyafis, ka ƙure sifika kaji ko tana karkarwa, ka buɗe kamara, ka haɗa da hosfot ɗin wayarka ka ɗan matsa nesa da wayar. Minti biyar ne duka.

8. Maganar girafik

Ƴan Akitekca da Injiniyarin masu AutoCAD da Revit da masu haɗa bidiyo, ku ake wa wannan. Za'a ce maka "tana da 4GB girafik" alhali aro take daga ram. A Task Manager ka duba GPU wato sashen girafik mai sarrafa hoto, in Intel HD ko UHD kaɗai ka gani to babu wani kati na daban. In akwai na gaske zaka ga GPU na biyu da suna NVIDIA ko AMD, kuma layin Dedicated GPU memory shine nata na kanta, layin Shared shine aron. In an rubuta NVIDIA a sitika amma baka ganshi a ciki ba, ka duba Device Manager, wataƙila ya mutu ne aka kashe shi.

9. Ka sa ta yi gumi

Akwai kwamfutar da in tana sanyi lafiyarta ƙalau, sai ta ɗau zafi take ɗaukewa, musamman wadda aka gasa wa bod da iskar zafi don ta farfaɗo, irin wannan gyaran sati kaɗan yake kaiwa. Ka kunna bidiyon mai nauyi, ka buɗe shafuka goma a burauza, a CPU-Z akwai wajen Bench da zaka danna Stress CPU, ka barta minti goma zuwa sha biyar. Ka sa hannu a inda iska ke fita, ya kamata kaji iska mai ɗumi tana fita da ƙarfi. In fanka na ihu amma iska bata fita ƙura ta toshe, wannan ƙaramin aiki ne, mu da muke da ƙurar hunturu dole ma a riƙa sharewa. Amma in ta daskare, ko ta kawo shuɗin allo, ko layuka suka fito, ko ta mutu, ka ajiye musu kayansu komai arahar, don abin da bai jure fankar shago ba ba zai jure zafin watan Afrilu a ɗakin hostel ba.

10. Kulle da kayan sata

Yawancin na waje daga kamfanoni da makarantun Amurka da Ingila suke fitowa, wasu ba'a cire su daga rajistar kamfanin ba. Ka shiga Settings, Accounts, Access work or school, ka tabbatar babu sunan wata ma'aikata. Matsalar irin wannan sai ranar da ka goge Windows ka haɗa da intanet sannan zata fito da sunan kamfani tace sai ma'aikacinsu. A BIOS ma in kaga Computrace ko Absolute, wato manhajar bin sawun kwamfuta da kulle ta daga nesa, a kunne ka yi tambaya. MacBook kuwa kar ka biya sai an fita daga iCloud, wato asusun Apple na mai ita na baya, an goge ta an sake saitawa a gabanka da intanet a haɗe har ka shiga da naka asusun, in ba haka ba kana iya sayen faranti mai tsada.

In a hannun mutum zaka saya ba shago ba, kuma babu caja babu rasit kuma farashin ya yi daɗi fiye da kima kuma yana waige-waige yana sauri, ka haƙura. Ana satar laftof a hostel da masallaci da ɗakin karatu, kuma zomo baya fushi da makashinsa sai maratayinsa, a hannunka za'a gani. In ka yarda da mutumin, ka ɗauki hoton katin shaidarsa da kwamfutar tare, ku rubuta yarjejeniya da shaida.

11. In ba laftof kaɗai zaka saya ba

Masu buɗe shagon taifin da fotokwafi, ku duba bayan firinta ku karanta wutar da take sha. Ta Amurka yawanci 110 ce, tamu 230, kana sokawa kai tsaye zata ƙone, kuma akwai mai sayarwar da ba zai faɗa maka tana buƙatar na'urar rage wuta ba. Tsofaffin destof ma wasu suna da ɗan jan makunni a baya na zaɓen wuta, ka tabbatar yana kan 230. Firintar HP LaserJet tana iya buga shafin bayanin kanta wanda ke nuna adadin takardun da ta taɓa bugawa, kace a buga maka, da shi zaka ga shekarunta kuma ka ga ko bugun na fita da layi. Filash da memori da haddis na waje masu arahar banza kuwa, H2testw zai cika su ya karanta ya faɗa maka ko 64GB ɗin gaske ne ko 8 ne aka yi wa kwalliya, yana ɗaukan lokaci don haka a gida zaka yi a ranar.

12. Ciniki da rasit

Duk abin da ka gano ka rubuta, da shi zaka yi ciniki cikin mutunci, "Maigida ka rubuto min awa huɗu ga abin da ta nuna, a cire kuɗin batir ko a canza min". Ba sai ka kira kowa maƙaryaci ba, takardar ta isa.

Ga kuskuren da ke ɓata duk wahalar da ka sha. Bayan an gama ciniki sai ace kawo a zuba maka Office da sauran manhajoji, yaro ya shiga da ita ciki ko ya kai wani shagon, a nan ake zare ram ɗaya ko a musanya batir ko caja. Ko a yi a gabanka, ko in ta dawo ka sake duba siriyal da ram da ma'ajiya da rahoton batir, minti biyu ne. Cajar da ka gwada ka riƙe ta a hannunka.

Rasit ya zama mai sunan shago da lambar waya da kwanan wata, a rubuta samfuri, lambar siriyal, furosesa da lambarsa cikakkiya, ram, ma'ajiya, da kwanakin gwaji da abin da za'a yi in matsala ta fito, canji ne ko gyara ko mayar da kuɗi. "Ai mu ƴan uwa ne, in da matsala ka dawo" ba garanti bane, kace a rubuta ko sati ɗaya ne ko biyu. Ka biya ta tiransifa zuwa asusun da sunansa ya dace da shagon ko mai shagon, ka rubuta a bayanin kuɗin cewa na laftof kaza ne, ka ɗauki hoton rasit ɗin ka tura wa kanka.

13. Kwanakin gwajin

Kar ka kai ta gida ka lulluɓe a jaka kana jiran a koma makaranta, kwanakin suna tafiya. A daren farko ka cika batir ka zare ka yi aiki har ya mutu kana duba agogo, ka barta ta yi sabuntawar Windows, ka girka manhajar da ka saye ta dominta ka yi aiki na gaske, ka rufe murfi ta yi barci ka buɗe ka ga ko tana farkawa. In wani abu ya fito ka ɗauki bidiyo da waya a take ka tura masa a ranar, kuma kar ka bari wani injiniya ya kwance ta ko ya yage ƴar sitikar da suka manna kan sukuru, da wannan ake kafa hujja ace kai ka lalata. Ka koma da rasit da saƙonnin da shaidarka. In ya ƙi saurara ka nemi shugabannin ƴan kasuwar wajen, sau da yawa a nan magana ke mutuwa domin basa son a ɓata musu layi, in nan ma bata yiwu ba akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya wato FCCPC da ke karɓar ƙorafi, akwai kuma kotu, kuma duk inda zaka je abin da zasu fara tambayarka shine rasit mai lambar siriyal da saƙon da ya rubuto maka tun farko.